Hagun Baban Sito

A fayil ɗin Baban Sito akwai takarda talatin da ɗaya iri ɗaya, kowace shekara da tata, kuma a layi na huɗu na kowace takarda kalma ɗaya aka rubuta: dama. Tawada ta canza, rubutu ya canza, malaman da suka cike takardun wasu sun yi ritaya, wasu ƙasa ta rufe musu ido, amma kalmar tana nan inda take.

Aikinsa lodi ne a babban siton wani kamfanin rarraba kaya. Siton yana da ƙofa shida, kowace da dakalin da babbar mota ke ja da baya ta tsaya, ƙofa ta biyar kuwa tasa ce tun kafin a canza wa siton rufi. Buhu kilo hamsin, kwali kilo ashirin da biyar, jarkokin mai, duk abin da ya zo. Ƙarfe bakwai ake buɗewa, amma bakwai saura minti ashirin yana nan a kan bencin katakon da ke bakin ƙofa, ƙugiyarsa a cinya. Shekarunsa hamsin da takwas. Ba shi da tsawo, ba shi da irin ƙirjin nan na masu nuna ƙarfi, amma idan ya sa ƙugiya a kunnen buhu sai ka ga buhun ya taso kamar kiransa aka yi.

Ba son aiki kaɗai ke fito da shi da sassafe ba. Ɗakinsa ne ba ya riƙe shi. Ɗaki ne guda a ƙarshen layi, bayan garejin makanikai, da gado, da kujera biyu, da ɗan teburin da rediyo ke kai. Kujera ta biyu shekara huɗu ke nan ba a zauna a kanta ba, tun rasuwar mai ɗakinsa. Yakan goge ta ranar hutu ya mayar da ita mazauninta. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisan yini guda a mota. Takan kira shi ƙarshen mako, yara na ihu a bayanta, ta tambayi ƙafarsa da bayansa, ya ce lafiya lau, ta ce to Baba sai an jima, girki zai kama. In ka cire wannan, duk maganar da zai yi a mako a bencin sito yake yin ta, lokacin abincin rana, shi da Dogo abokin lodinsa da sauran 'yan ƙofa, ana tsokanar juna a kan wanda ya fi yin nishi.

Kamfanin yana da ƙa'ida: duk mai ɗaukar kaya sai an auna ƙarfinsa sau ɗaya a shekara. A ɗan asibitin kamfani ake yi, wani ɗaki mai koren labule da fanka mai ƙara. Gwajin uku ne. Na farko, ka ɗauki akwatin kilo ashirin da biyar daga ƙasa da hannu biyu, ka ɗora a kan katakon da aka kafa daidai ƙirji, ka sauke, har sau goma. Na biyu, ka zauna, gwiwar hannunka manne da haƙarƙari, ka matse wani ƙarfe mai fuska irin ta agogo har allurarsa ta tsaya. Sau uku, a haɗa a raba uku. 'Yan sito suna ce wa ƙarfen nan Alƙali, wai don ba ya jin roƙo. Na uku, ka tsaya ka ja wata sarƙa da hannu ɗaya, ita ma da agogonta. A na biyu da na uku hannu ɗaya kawai ake aunawa, saboda mutum ɗari da arba'in ake gamawa cikin kwana biyu. Wanda ya tsara fom ɗin ya san cewa hannun da mutum ya fi mora yakan fi ɗan'uwansa ƙarfi, sai ya nemi gajeriyar hanyar gano shi. Ya sa tambaya ɗaya a layi na huɗu: da wane hannu kake rubutu?

Baban Sito bai taɓa yin ƙarya a wannan layi ba. Da hannun dama yake rubutu.

Shekarar da aka ɗauke shi aiki, yana da ashirin da bakwai, allurar Alƙali ta tsaya a arba'in da tara. Yana da arba'in ta tsaya a arba'in da huɗu. Daga nan ta riƙa sauka a hankali, kamar ruwan randar da ba a san inda take yoyo ba: arba'in, talatin da takwas, bara talatin da shida. Ƙa'idar kamfani talatin da biyar ce a matsa, talatin a jan sarƙa.

Bana sabuwar malamar awo aka kawo, mace mai tabarau rataye da zare a wuya, ba za ta girmi 'yarsa da yawa ba. Akwatin ya ɗaga shi sau goma ko haki bai yi ba. Da aka zo kan Alƙali ya matsa, allura ta nuna talatin da biyu. Ya huta minti ɗaya ya sake, talatin da ɗaya. Na uku talatin. Sarƙa kuma ashirin da bakwai.

Malamar ta dubi lambar akwati, ta dubi lambar matsa, ta sake duban ta akwati.

"Baba, da dama kake rubutu?"

"Da dama, 'yata."

Ta rubuta. Ta gaya masa cewa ƙa'ida ta ba shi mako uku ya dawo a sake. Idan bai kai ba, za a cire shi daga lodi. Ba korarsa za a yi ba, gadi za a ba shi a tsohon siton kamfani da ke bayan gari. Ya san wurin. Rumfa ce ta kwano a bakin ƙofar da ba a buɗewa, da kujerar roba, da katangar da ciyawa ta cinye. Mutumin da aka kai can bara ya ce yakan yi sati bai ji muryar kowa ba sai ta direban da ke sauke shi.

Ya yi godiya, ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu.

Abin da fayil bai sani ba ya girmi fayil ɗin da shekara ashirin da ɗaya. Da hannun hagu ya fara miƙa wa uwarsa abu, da shi ya fara jifa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mutumin da ba ya iya ganin abu a karkace ya ƙyale. Shekarar da aka sa shi a makaranta uban ya yagi tsohon zane, ya ɗaure masa hannun hagu a ƙugu, tun safe har a tashi, wata huɗu cur. Yara suka riƙa bin sa a hanya suna kiran bahago, bahago, shi kuwa da hannu ɗaya ba ya iya ko da ramawa. Ranar da aka kwance tsumman, hannun dama ya iya riƙe fensir, ya iya gaisuwa, ya iya karɓa da bayarwa. Uban ya dubi rubutunsa ya ce, yanzu ka zama mutum. Wannan ne yabo ɗaya da yake tunawa daga bakinsa.

Daga ranar hannayen biyu suka raba aiki ba tare da shawara da shi ba. Duk abin da ake yi a gaban mutane, dama ke yi. Duk abin da ke buƙatar ƙarfi, hagu ke yi a shiru: guduma, murfin da ya ƙi buɗuwa, igiya, ƙugiya. Ƙotar ƙugiyarsa ta lotsa daidai inda babban yatsan hagu ke zama, har duk wanda ya ara sai ya dawo da ita yana cewa ba ta zama a hannu. Tafin hagunsa ya yi kanta kamar ƙasan takalmi. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abu mai suna ba. A wurinsa shi mutum ne mai amfani da dama wanda hagunsa ke taimaka masa, shi ke nan.

Sau ɗaya aka kira sunan a sito. Wani direba ne, shekara ashirin da suka wuce, ya leƙo ta taga ya ce a gaya wa bahagon nan ya yi sauri. Kafin a ankara Baban Sito ya fizgo shi daga mota ya manna shi da taya, sai da mutum uku suka ɓamɓare shi. An ce da hagu ya riƙe masa wuyan riga, amma ba a gabansa ake ba da wannan ɓangaren labarin ba. Tun daga nan kalmar ta bar ƙofa ta biyar.

Mai ɗakinsa ma ba ta taɓa faɗa ba, shekara ashirin da tara. Idan kwalba ta ƙi buɗuwa, sai ta ajiye ta a gefen hagunsa ta ci gaba da abin da take yi. Idan ƙusa ta fita daga kujera, a hagunsa zai tarar da guduma. Ita ta ɗinka masa maɗauki a rigar aiki inda ƙugiya za ta rataya, a ɓarin da hannun zai same ta ba tare da nema ba. Bai lura da yawan waɗannan abubuwa ba sai da ta tafi, ya ga ba mai ajiye masa komai a ko'ina.

Ranar da ya faɗi gwajin, a hanyar gida ya sayi ƙwallon roba da ƙaramin littafin rubutu. Ya ja layi uku da bakin kwali: kwanan wata, matsa, ja. Kullum bayan ya dawo sai ya zauna a kujerarsa, rediyo na magana, ya matse ƙwallon da dama sau ɗari, ya huta, ya ƙara ɗari. Ja kuwa a sito yake auna shi. Akwai tsohon sikeli irin na ratayewa a lungun ƙofa ta shida. Idan an tashi ƙarfe biyar, kafin mai gadi ya zagayo da makulli, sai ya ɗaura shi a ginshiƙi ya ja da hannun dama, ya duba allura, ya rubuta. Ashirin da bakwai. Ashirin da bakwai. Ashirin da takwas. A kwana na shida damtsensa ya kumbura har biro ya gagare shi riƙewa, ya rubuta a layin ranar: hutu.

A benci kowa ya ji labari, don a sito ba a ɓoye komai. Sai aka rage tsokanarsa, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo. Dogo ne kaɗai bai fasa ba.

"Tsoho, an ce Alƙali ya ɗaure ka da jijiyar hannu."

"Kai da buhun auduga ke sa ka kiran uwarka?"

Aka yi dariya. Da sauran suka tashi, Dogo ya matso, ya rage murya, yana kallon ƙugiyar da ke cinyar abokinsa. Ya ce shi dai a ganinsa mutum hannu biyu gare shi, kuma malamar nan ba ta da wuyar sha'ani, in da za a yi mata bayani. Baban Sito ya juyo ya dube shi, irin kallon da direban nan ya gani. Dogo ya ɗaga hannuwa sama, ya ce shi bai ce komai ba, ya tashi ya tafi wanke kwano. Kwana huɗu ba su zauna kusa da juna ba. Baban Sito ya riƙa cin abincinsa a ƙarshen benci, yana jin hirar kamar daga wani gida.

Ƙarshen mako 'yarsa ta kira. Ya yi niyyar gaya mata zancen gwajin, har ya tsara yadda zai fara. Ta ce ƙaramin yana zazzaɓi, ya ce Allah ya sauwaƙe, a ba shi ruwa da yawa. Ta tambayi aiki, ya ce aiki da godiya.

A kwana na goma sha bakwai, sikeli ya nuna ashirin da tara, ya ƙi ƙarawa. Ya ja har idonsa ya yi duhu, allura ko gezau. Ya tsaya yana huci. Sito ya yi tsit, hasken yamma na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ta shida, tattabaru na tafiya a kan kwano. Ya duba hagu da dama, ba kowa. Sai ya sa hannun hagu a sikelin ya ja sau ɗaya, ba ma da dukan ƙarfinsa ba. Allura ta wuce talatin kamar ba ta san da shi ba, ta tsaya a arba'in da ɗaya.

Ya saki da sauri kamar wanda ya taɓa tukunyar wuta. Ya buɗe littafinsa, ya dubi layukan ukun da ya ja. Babu inda aka tanada wa wannan lamba. Ya rufe littafin bai rubuta ba.

Ranar komawa ya sa rigar aikinsa wankakkiya. Shi kaɗai ne a layi, don sauran duk sun wuce tun zagayen farko. Malamar ta gaishe shi, ta gyara masa zama, ta manna masa gwiwar hannu da haƙarƙari, ta sa masa Alƙali a dama. Ya matsa har haƙoransa suka yi ƙara. Talatin da huɗu. Talatin da uku. Talatin da biyu.

"Talatin da uku, Baba. Ka ƙaru da biyu. Saura biyu."

Sarƙa ta ba da ashirin da tara. Saura ɗaya.

Ta zauna ta ɗauki biro, amma ba ta rubuta ba. Tana kallon takardar ta ce ta jima tana wannan aiki a wasu wurare, kuma ba ta taɓa ganin mai ɗaga akwati haka da wannan lambar matsa ba. Ƙarfin nan daga wani wuri yake fitowa. Ta ce ita ba ta da ikon auna wani hannu sai wanda ke layi na huɗu, kuma ba ta da ikon taɓa layi na huɗu sai mai hannun ya ce a taɓa.

Ya ɗora hannuwansa biyu a kan teburin. Bai taɓa jera su haka ya duba ba. Na dama ya fi santsi, da ɗan tabon tawada a yatsa. Na hagu ya fi faɗi, yatsun sun fi kauri, farcen babban yatsa ya tsage tun wani lodi da ya manta shekararsa. Ya tuna rumfar kwano da kujerar roba da ciyawa. Ya tuna bencin, da Dogo yana kwaikwayon nishin mutane. Ya tuna uban da ya rasu shekara ashirin da shida da suka wuce, wanda ba zai ga wannan takarda ba.

"'Yata, tambayar taku ce ba ta kai ba. Rubutu kuka tambaya. Ba wanda ya taɓa tambayata da wane hannu nake ɗaukar buhu."

"To ga shi na tambaye ka."

Fanka ta zagaya, ta dawo.

"Da hagu," ya ce. "Ni bahago ne."

Kalmar ta fito ƙarama, ba yadda ya zata ba. Ba abin da ya faɗo daga sama. Malamar ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce yayanta ma haka yake, ta jawo Alƙali ta mayar da allurarsa sifili, ta ce ya juya kujerar.

Arba'in da huɗu. Arba'in da biyar. Arba'in da uku. Sarƙa, arba'in da biyu.

Ta ɗauki rula ta ja layi ɗaya a kan kalmar dama, yadda har yanzu ana iya karanta ta, ta rubuta hagu a samanta, ta sa kwanan wata da harafin sunanta a gefe. Ta juyo masa da takardar ya sa hannu. Da hagu ya karɓi biron, tunda shi ne a miƙe. Ya riƙe shi a saman layin. Hannun da yanzu ya kai allura arba'in da biyar ya tsaya, bai san ta inda ake farawa ba. Ya mayar da biron dama ya sa hannu, rubutu mai kyau, tsaye, irin wanda uban ya yaba.

A benci Dogo yana zaune a wurinsa, ya bar gurbi a gefensa kamar ba da gangan ba.

"Yaya, an yanke?"

"An ƙara mini shekara ɗaya."

"Da wanne?"

Baban Sito ya ɗaga ƙugiyar da hagu. Dogo ya dubi hannun, ya dubi fuskar, ya ga ba faɗa a ciki. Ya ce to madalla, shekara ashirin suna jira labarin ya iso wa mai shi. Ya tura masa rabin burodinsa. Ba wanda ya yi dariya sosai, mota ta riga ta fara ja da baya a ƙofa ta biyar.

Da yamma ya koma ɗakinsa. Makanikai suna tattara kaya, rana na kan katanga. Ya ɗauki waya ya nemo lambar 'yarsa, ya tuna yau tsakiyar mako ne, lokacin girki, ya ajiye. Ya dubi kujera ta biyu na ɗan lokaci. Wadda za a gaya wa ta riga shi sani, ba ta kuma nan.

Ya buɗe littafin, ya ɗauko bakin kwali, ya ja layi na huɗu a gefen ukun. A ranar goma sha bakwai ya rubuta arba'in da ɗaya. A ta yau ya rubuta arba'in da huɗu, da arba'in da biyu. Saman layin ya rage babu suna. Ya sa biron a hannun hagu, ya danne littafin da dama, ya fara. Harafi huɗu ne, hagu, amma sun ɗauke shi lokacin da ruwan shayin da ya ɗora ya tafasa har ya fara ƙonewa. Suka fito manya, a karkace, suna hawa kan juna, rubutun ɗan shekara shida. Ya daɗe yana duba su. Bai goge ba.

Ya sa ƙwallon roba a aljihun tebur, ya rataya ƙugiya a maɗaukin da aka ɗinka mata, ya rataya rigar a bayan ƙofa. Washegari, bakwai saura minti ashirin, yana kan benci.